Dillalin da Ke Tsaya wa Shafin Intanet

A tiken Sabon Birni ko na Isa, baƙo ba ya koro sa ya sayar kai tsaye. Sai ya nemi dillalin da ya san shi, ya san rugarsu, wanda zai dafa ƙirji ya ce wa mai saye, "Alhaji, saya, ni na tsaya masa." Shi ma dillalin ba gaban kansa yake ci ba, akwai sarkin tike a samansa. Tun da satar shanu ta addabi ƙasar Gobir, wannan shaida ta ƙara daraja, domin wanda ya sayi dabbar sata ya yi asarar kuɗinsa, ga kuma tuhuma a wuyansa.

Yanzu kuɗin ciniki da yawa ta waya suke bi. Hanya ba ta da aminci ga mai ɗauke da damin kuɗi, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya koya wa har dattawa tiransifa. To wa ke tsaya wa shafin bankin da mutum ke zuba wa lambobinsa na sirri?

Akwai mai tsayawa. Shafin da adireshinsa ya fara da https yana ɗauke da takardar shaidar tsaro. A cikinta akwai sunan shafin, da makullinsa na lissafi, da ranar da za ta daina aiki, da sa hannun wanda ya ba da ita, kamar DigiCert ko Let's Encrypt. Manhajar shiga intanet, irin su Chrome, tana da jerin manyan masu ba da shaida da ta yarda da su. Kana taɓa adireshi, shafin zai miƙo takardarsa, wayar ta bi sa hannun daki-daki har ta kai ga babban da ta sani. Idan sunan bai dace ba, ko wa'adi ya wuce, sai ta tsayar da kai da gargaɗi.

Idan shaida ta inganta, sai a shiga mataki na biyu. Kamar yadda dillali ke jan mai saye gefe su yi raɗa, 'yan kallo na ganin leɓe na motsi amma ba su jin farashi, haka wayarka da shafin ke ƙulla makullin sirri na wannan zama kaɗai. Wanda ya tare saƙon a hanya, tarkacen haruffa zai gani, kuma ba zai iya mayar da dubu goma dubu ɗari ba tare da an gane ba. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da tsarin a 1995 da sunan SSL, a 1999 aka gyara shi ya koma TLS.

Mai tsayawa ma ana sa masa ido. A 2011 ɓarayin intanet suka kutsa cikin DigiNotar, wani mai ba da shaida a Holan, suka buga takardun bogi da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane a Iran. Manhajoji suka cire shi daga jerin amintattu, kamfanin ya durƙushe a shekarar. Dillalin da ya tsaya wa ɓarawo ma haka tike ke yi masa.

Sai dai a nan dillalinmu ya fi takardar. Shi ya san halin mai dabba, ita kuwa yawanci iyakar shaidarta ita ce mai wannan shafi shi ke riƙe da wannan suna. Tun 2015 ana samun ta kyauta, abin da ya taimaki ƙananan shafuka ƙwarai, amma ɗan damfara ma yana iya buɗe shafi mai suna kusa da na bankinka, harafi ɗaya ya bambanta, ya karɓi tasa takardar. Haka ake yi da saƙonnin tallafin ƙarya da ke yawo a WhatsApp suna neman lambar BVN.

Don haka idan waya ta yi gargaɗi, a tsaya, kada a ce sauri ake yi. Idan ba ta yi ba, a karanta sunan shafin harafi bayan harafi kafin a saka lamba ko ɗaya. Bincika takarda aikin waya ne, amma tabbatar da cewa wurin da aka nufa aka zo, wannan aikin mai kuɗin ne.