Wiwi da giya a Jamus: Abubuwan da ya kamata ka sani

Tun ranar 1 ga Afrilu, 2024, doka ta daina kama baligi a Jamus don an same shi da 'yar tabar wiwi. Sai dai har yau mai shan ta bai samu irin mutuncin da mai shan giya yake da shi a ƙasar ba.

Me dokar ta ce?

Wanda ya kai shekara 18 zai iya riƙe giram 25 a waje, giram 50 a gida, ya kuma shuka tushe uku. Ba a sayar da ita a kanti. Mai so sai ya noma abinsa, ko ya shiga ƙungiyar manoma mai rajista wadda mambobinta ba za su wuce 500 ba. An hana sha kusa da makarantu da filayen wasan yara. Ministan lafiya na lokacin, Karl Lauterbach, ya kafa hujja da cewa haramcin bai rage masu sha ba, sai dillalan bayan fage da ya azurta.

Ina giya ta tsaya?

Yaro ɗan shekara 16 zai iya sayen giya a Jamus. A bikin Oktoberfest na birnin Munich, miliyoyin mutane ke cika rumfuna, ana ɗaga kofuna masu cin lita guda, 'yan siyasa na ɗaukar hoto da su. A wannan filin ne gwamnatin jihar Bavaria ta hana kunna wiwi bayan dokar ta fara aiki. Wanda ya yi tatul da giya ana cewa ya sha biki. Wanda ya busa hayaƙi kuwa tara ce ke jiransa.

Wanne ya fi illa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. A 2010, Farfesa David Nutt da abokan aikinsa sun auna illar kayan maye ga mai sha da kuma jama'a a Birtaniya: giya ta zo ta ɗaya da maki 72, wiwi ta samu 20. Wannan bai wanke wiwi ba. Tana jawo jaraba, kuma yawan shan mai ƙarfi tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali.

To me ya kawo bambancin?

Sabo da tarihi. Turawa sun tashi sun tarar da giya a teburin kakanninsu, ga kamfanoni, ga haraji. Amurka ta gwada hana ta daga 1920 zuwa 1933, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi, aka janye. Wiwi kuwa an jingina ta da baƙi da talakawa, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa ta sahu ɗaya da hodar heroin. Sai a Disamba 2020 aka cire ta daga wannan rukuni mafi tsanani.

Yaya abin yake a wajenmu?

A ƙasar Hausa Musulunci ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, don haka mashayin giya da ɗan wiwi duk ba a ba su aure cikin daɗin rai. Duk da haka, binciken da aka yi da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 10.6 na shan wiwi a Najeriya. Ƙyama tana tsare wasu daga farawa, amma ita ce kuma ke sa iyaye su ɓoye ɗansu a ɗaki don gudun surutun unguwa, har sai ciwon ya ci ƙarfinsa kafin a kai shi asibiti.