Tauraron ɗan'adam da ledar da ke bin Kogin Nilu: abin da ya kamata ku sani

Ina ruwan mutanen Mai Wurno da teku?

Kuna iya cewa teku na da nisa. Gaskiya ne, amma Shuɗin Nilu da ke wucewa ta gefen garinku yana haɗuwa da Farin Nilu a Khartum, ya ratsa Masar, ya zube a Bahar Rum. Sai dai ledar da iska ta kwasa daga kasuwa ba lallai ta kai can ba. Madatsar Sannar, wadda aka kammala a 1925, tana gabanta, kuma daga nan ne babbar hanyar ruwan gonakin Jazira ta tashi. Ke nan kafin ta dami kifin teku, ta riga ta toshe wa manomi bakin ruwan gonarsa, ko ta shiga cikin akuya.

Yaya tauraron yake ganinta?

Tauraron ɗan'adam na'ura ce da ake harbawa sama tana zagaya duniya tana ɗaukar hoto. Wanda aka fi dogaro da shi a wannan aiki shi ne Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015. Yana kama wani haske da idonku ba ya gani. Ruwa yakan shanye hasken, roba kuwa takan mayar da shi, sai kwamfuta ta ware wurin. A 2020 masu bincike a Plymouth ta Ingila suka gano tarin robobi ta wannan hanya, har da gaɓar Akara a Ghana.

Kada ku ɗauka yana ganin komai. Kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne tsawo da faɗi, don haka gorar ruwa guda ba ta fitowa, sai tari. Gajimare ma kan rufe masa ido, kuma da damina ne kogi ya fi kwasar shara.

Shi ne zai kwashe?

A'a, nuni kawai yake yi. Kwasa aikin kwale-kwale ne da raga da hannu. Ƙungiyar The Ocean Cleanup, wadda Boyan Slat ya kafa a 2013, da teku ta fara, daga baya ta ƙara da tare shara tun a koguna.

Nawa ne kuɗinsa?

Hotunan Sentinel-2 kyauta ne ga mai intanet. Kuɗin yana wajen masanin da zai karanta su da man jirgin da zai je wurin. Hana leda kaiwa bakin ruwa ya fi duka arha, kuma wannan a hannunku yake.