Ƙwayar Barci da Ƙishirwa: Gyara ga Saƙon da Ake Tura wa Maniyyata

Tun da aka fara kiran maniyyata bita, wani saƙon murya yake ta zagaya wayoyin jama'a ta WhatsApp, daga zauren 'yan kasuwa ya faɗa na dangi, daga na dangi ya faɗa na matan Islamiyya, har ya zama da wuya ka sami gidan da ake shirin sauke farali ba a saurare shi ba. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai kuwa ce shi likita ne ko matuƙin jirgi ba. Iyakar hujjarsa ita ce wai ya daɗe yana hawa da sauka, yana kuma tausayin bayin Allah da ba su taɓa shiga jirgin sama ba. Da wannan murya ta mai nasiha ya jero abubuwan ban tsoro, sa'an nan ya kawo abin da ya kira mafita, wato mutum ya ƙaurace wa ruwa tun daren tafiya don ya riƙe alwalarsa, ya haɗiyi ƙwayar barci biyu da zarar ya zauna, kada kuma ya motsa daga kujerarsa sai an ce an iso. Wanda ya ƙaga wannan magana, da masu tura ta gaba ba tare da sun tambayi masani ko ɗaya ba, sun ɗauki alhakin da ba su san nauyinsa ba, domin abin da suka miƙa wa mutane da sunan magani ya fi abin da suke tsoratar da su illa nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka ji suka gaskata kuwa, ban ga laifinsu ba, don fargabar jirgi a ƙasar nan tana da asali. Dattawan Kano ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a filin Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Mutanen Sakkwato kuma ba su manta da 11 ga Yuli 1991 ba, ranar da jirgin da zai maido musu da alhazansu ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, ba wanda ya tsira cikin mutum 261 da ke ciki. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya taso yana jin waɗannan labarai a bakin iyayensa, idan gabansa ya faɗi ranar da aka miƙa masa tikiti, bai yi abin kunya ba, kuma wannan ba raunin imani ba ne. Sai dai adalci shi ne a faɗa masa inda aka kwana a yau. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta lissafa cewa a shekarar 2023 haɗari ɗaya aka samu cikin kowace tafiya miliyan 1.26, kuma a waccan shekara ba babban jirgin fasinja ko ɗaya, irin mai injin jet, da ya yi haɗarin da aka rasa rai. Motar da za ta ɗauko maniyyaci daga garinsu zuwa sansanin alhazai ta fi cancanta ya yi mata dogon zullumi.

Ƙananan maganganun saƙon ba su buƙatar ɓata tawada. Ƙofar jirgi ba ta buɗuwa a can ƙololuwar sama ko da ƙarti goma sun taru a kanta, saboda matsin iskar ciki ya danne ta. Makewayin jirgi ba ya zuƙe mutum. Ba a san jirgin da wayar fasinja ta kayar ba, amma idan an ce a kashe ta sai a kashe, bin doka wajibi ne. Zancen ramukan da jirgi ke afkawa a sararin sama shi ne kaɗai ya ɗan gifta gaskiya: rami dai babu, gargadar iska ce, kuma an ƙera jirgi don ya jure ta, amma tana iya wurga wanda bai ɗaura ɗamarar kujera ba, kamar yadda ya faru a watan Mayu 2024 ga wani jirgin kamfanin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, inda mutane da dama suka ji rauni, wani dattijo kuma ya rasu. Maganin wannan shi ne ɗamara a ƙugu muddin mutum yana zaune.

Mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta ƙwaya da ƙishirwa da zama wuri ɗaya. A wurin bita na ga wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta tana nuna wa maƙwabciyarta ƙwayoyi huɗu rawaya, waɗanda jikanta ya sayo mata a kyamis, ba kwali ba takardar likita, tana cewa da su za ta ƙetare teku ba ta sani ba. Ba ta san sunansu ba, ba ta san ƙarfinsu ba, ga ta kuwa da hawan jini da kumburin ƙafa.

Ga abin da ya kamata jikan nan ya sani. Jinin da zuciya ta tura zuwa ƙafafu yakan koma sama ne da taimakon naman sharaɓa, wanda duk lokacin da mutum ya taka ko ya motsa ƙafarsa yake matse jijiyoyi ya koro jinin. Idan kuwa aka zauna awoyi da gwiwa a lanƙwashe, gefen kujera ya danne bayan cinya, sai jinin ya kwanta a jijiyoyin ciki ya fara kauri, kamar kunun da aka bari a ƙwarya ba mai juyawa, har wani lokaci ya yi guda. Gudan da ya tsaya a ƙafa yakan kawo ciwo da kumburi, amma wanda ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiyar huhu yana iya zama ajali cikin ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta kan wannan a shekarar 2007, ta ce haɗarin yakan ninka kusan sau biyu idan zaman tafiya ya kai awa huɗu ko fiye, a jirgi ne ko a mota, ko da yake ga mai ƙoshin lafiya ƙanƙane ne, kimanin mutum 1 cikin 6,000. Tafiyar Kano zuwa Jidda ta haura awa huɗu tun asali, ta kuma ƙara tsawo a 2023 da yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan jirage suka koma zagaye, balle 'yan kasuwarmu masu bi ta Adis Ababa zuwa Sin, waɗanda zangonsu na biyu kaɗai yakan cinye awa goma. Haɗarin kuwa ba ɗaya yake ga kowa ba: ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ƙiba, da mai ciki ko sabuwar haihuwa, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon daji, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda ya taɓa samun gudan jini a baya. Duk wanda ya taɓa leƙa sansanin alhazai ya san nawa ne cikin mutanenmu suka faɗa cikin wannan jeri.

Mai barcin Allah da Annabi yakan juya, ya miƙe ƙafa, ya farka idan ta yi masa tsami, alhali wanda ƙwayar barci irin Valium ta kwantar yana iya shafe awoyi a yadda ya zube. Bayan wannan, iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, ma'ana abin da jini ke samu na iskar numfashi ya ɗan ragu. Mai lafiya ba ya ko lura, amma waɗannan ƙwayoyi suna rage ƙarfin numfashi, kuma haɗuwar biyun ba alheri ba ce ga tsoho, ko mai ciwon ƙirji, ko mai minsharin da numfashinsa ke yankewa cikin barci. Wasu tsofaffin ma, maimakon natsuwa, rikicewa ƙwayar ke sa su, su tashi suna tangaɗi ba su san inda suke ba. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, larura ta sa aka ce kowa ya fita, ƙa'idar da ake gwada manyan jirage da ita ita ce a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, to ina wanda ba ya ko iya ɗaga kansa zai shiga cikin wannan lissafi? Saboda irin waɗannan dalilai likitocin unguwa da yawa a Ingila suka daina rubuta wa mutane Valium don tsoron jirgi. Har ma tsoron kansa ba lalle ƙwaya ta kashe shi ba: a 1997 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada mata 28 masu tsoron jirgi, suka ba wasu ƙwayar Xanax, sai ga shi a tafiya ta biyu, da ba a ba kowa magani ba, waɗanda suka sha a karon farko sun fi sauran firgita. Bincike ne ƙarami, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai, amma ya dace da abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna faɗa, cewa zuciya ba ta sabawa da abin da ba ta halarta ba.

Game da ruwa, ba zan ƙara gishiri ba. Hujjar da ta tabbatar da illar rashin motsi ta fi ƙarfin wadda ta danganta gudan jini da ƙishirwa kanta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma tsoho ko mai ciwon suga da ya wuni bai sha ruwa ba zai sauka da jiri da ciwon kai a ƙasar da ranarta ba ta wasa. Mai shan ruwa kuma dole ya tashi zuwa makewayi, wannan tashi kuwa shi ne ainihin abin da ƙafarsa ke bukata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rigar addini da aka yafa wa maganar. Yaron da ya karanta littafin Ahalari a zaure ya san barci mai nauyi yana warware alwala, saboda haka wanda ya ƙi ruwa don ya tsare alwala, sa'an nan ya sha abin da zai gusar masa da hankali, ya yi asarar ruwan da alwalar gaba ɗaya. Malamai kuma sun karhanta yin salla cikin matsin fitsari, shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen da malamin bita zai yi masa bayaninsa, kiyaye rai kuwa yana cikin manyan manufofinta guda biyar. Wanda jirginsa ya nufi Jidda kai tsaye da niyyar Umura yana da wata damuwar ma, domin a sama ake gifta miƙati, ma'aikatan jirgi sukan yi sanarwa, kuma jumhurun malamai suna ganin a nan ake ƙulla niyya, duk da akwai waɗanda suka sauƙaƙa a ɗaura harami daga Jidda. Wanda ke sheme ba zai ji sanarwar ba. Ga kuma doka: Valium da Tramol suna cikin magungunan da Saudiyya ke tsananta sa wa ido, shiga da su a ƙulle a bakin zane ba takardar likita yana iya kai mutum inda bai yi niyya ba.

Fargabar fa, yaya za a yi da ita? Mafi yawanta rashin sani ne, kuma ana rage ta tun a gida. Ƙarar da ake ji a ƙarƙashi bayan tashi tayoyi ne ke naɗewa. Sassautawar kukan inji bayan ɗan lokaci matuƙi ne ya rage wuta don an gama hawan farko. Toshewar kunne matsin iska ne, haɗiyar yawu ko hamma ke buɗe shi. Makewayin da ake jin kunyar tambaya a kansa ɗan ƙaramin ɗaki ne, ana tura ƙofarsa ta tsakiya ta naɗe, a ja sakata daga ciki fitila ta ƙara haske, idan an gama a danna maɓalli ya yi wata ƙara mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, shi ke nan. A riƙe ƙaramar gora don tsarki, kada dai a malale ƙasa da ruwa. Mai faɗuwar gaba ya rage shayi mai kauri da gahawa da goro ranar tafiya, ya nemi kujerar bakin hanya, wadda ke daidai fukafukai in da hali, don a nan girgiza ta fi sauƙi, ya kuma gaya wa ma'aikatan jirgi halin da yake ciki, sun saba. Idan firgici ya taso, zuciya ta hau bugawa, tafin hannu ya jiƙe, sai ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, yana bin carbinsa. Irin wannan firgici yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma sa'an nan ya fara sauka da kansa. Wanda kuma Allah Ya haɗa tafiyarsa da mahaifiyarsa, bayan kowace awa ɗaya ko biyu, idan fitilar ɗamara a kashe take, ya ce mata, "Inna, tashi mu ɗan taka zuwa baya," in ba hali ta riƙa ɗaga duga-duganta tana saukewa daga zaune.

Wanda tsoronsa ya wuce wannan, ko yake cikin jerin da na ambata, ya ga likita tun da sauran makonni, shi ne zai san ko ya dace da safa mai matse ƙafa, ko da wani magani da adadinsa, ya kuma ba shi takarda. Maganin hawan jini da na suga su kasance a jakar hannu, kada a tsallake shan su don gudun fitsari. Bayan sauka kuma haɗarin gudan jini yakan ɗauki makonni kafin ya gushe, don haka idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ban da 'yar uwarta, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji, kada a ce gajiyar ɗawafi da sa'ayi ce a shafa man zafi. A tafi wurin likitocin tawaga a wannan sa'a, a kuma gaya musu ranar da aka sauka daga jirgi.