Kanwa a Sararin Samaniya da Tambayar Mafarin Rai

Ranar 24 ga Satumba, 2023, wani ɗan akwati ya sauko da laima a hamadar Utah ta Amurka, ɗauke da ƙura da tsakuwa gram 121.6. Kumbon OSIRIS-REx na hukumar NASA ne ya kwaso su daga Bennu, wani dutse mai faɗin kusan rabin kilomita da ke kewaya rana. A Janairun 2025 masana suka bayyana abin da suka gani a ciki. Akwai 14 daga cikin amino asid 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su, akwai kuma dukkan sinadarai biyar da ake rubuta bayanan gado na DNA da RNA da su. Nan hankalin 'yan jarida ya tafi. A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne gishirin da aka samu, domin a cikinsa har da sodiyam kabonet, wato sinadarin kanwa, ita dai wadda fatake ke kawowa daga Manga da gefen Tafkin Chadi.

Kanwa ba ta samuwa sai inda ruwa ya kwanta ya narkar da ma'adinan dutse, daga baya ya ƙafe. Ke nan babban dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinsa ya taɓa riƙe ruwan gishiri a cikinsa, fiye da shekaru biliyan 4 da suka wuce.

Me ya haɗa wannan da rai? Fosfet. Babu halittar da ke rayuwa ba tare da shi ba: shi ne ƙashin bayan DNA, yana cikin bangon ƙwayar halitta, kuma da shi jiki ke adana kuzari. Matsalar ita ce a yawancin ruwa, da zarar fosfet ya haɗu da kalsiyam sai su dunƙule su zama ma'adinin da ba ya narkewa, su nutse. Masu gwajin mafarin rai a ɗakin bincike kan zuba fosfet mai yawan gaske kafin haɗin ya yi aiki, alhali teku ba ta da ko kusa da hakan. Wannan ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya.

A ƙarshen 2019 Jonathan Toner da David Catling na Jami'ar Washington suka nuna wata mafita. A tafkin kanwa, kabonet ne ke riga fosfet cafke kalsiyam, sai fosfet ya zauna a sake cikin ruwa. Rana na ƙafar da ruwan, shi kuma yana ƙara kauri, har ya kan ninka na teku sau dubbai. Wani ɗan tafki mara zurfi a yammacin Kanada, Last Chance, shi ne misalin da aka fi nazari. Tun 1871 Charles Darwin ya yi hasashen a wata wasiƙa cewa rai zai iya farawa a wani ɗan kududdufi mai ɗumi, ya ma ambaci gishirin fosfet, sai dai ba shi da hanyar gwadawa.

Ba a Bennu kaɗai abin ya tsaya ba. Fararen tabon da kumbon Dawn ya hango a ramin Occator na ƙaramar duniyar Ceres, yawancinsu sodiyam kabonet ne. Enceladus kuwa, ɗaya daga watannin duniyar Zuhal, yana feso ruwa daga tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙararsa, kuma a 2023 aka tabbatar daga bayanan kumbon Cassini cewa ruwan na ɗauke da fosfet, ga shi kuma ruwa ne mai kanwa-kanwa.

A nan ya kamata a taka burki. Ba a samu rai a Bennu ba, kayan haɗi aka samu, kuma tara bulo ba shi ne gina gida ba. Tun 1952 Stanley Miller ya samar da amino asid cikin kwalba a Jami'ar Chicago, ta hanyar tartsatsin lantarki a kan iskar gas da tururi, amma har yau babu wanda ya haɗa ƙwayar halitta mai rai daga sinadarai zalla. Akwai ma wata alama a ƙurar kanta: amino asid iri biyu ne, na hagu da na dama, masu rai kusan na hagu kaɗai suke amfani da shi, na Bennu kuwa kusan rabi da rabi ne. Wasu masanan ma ba su yarda da batun tafki ba, sun fi karkata ga maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku, kuma muhawarar ba ta mutu ba.

NASA ta keɓe aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙurar a cibiyarta ta Houston domin masanan da za su zo nan gaba da na'urorin da suka fi na yanzu. Dabara ce mai tushe, domin a 2008 da aka sake auna tsofaffin kwalaben Miller, an gano amino asid sama da 20, ninkin-ba-ninkin abin da shi kansa ya iya ganowa.