Wane ne gwanin masu tsaron raga a hoki na ƙanƙara?

Ƴan uwanmu da ke Kanada sun san wannan gardama, don a Montreyal hoki ya fi ƙwallon ƙafa farin jini. Ragar ƙarama ce, faɗinta bai kai mita 2 ba, amma ɗan faifan robar da ake bugawa yana iya wuce kilomita 150 a awa.

Sunaye uku ake jayayya a kansu. Patrick Roy (a Faransanci kamar "ruwa" ake furta sunan) shi ya yaɗa salon malam-buɗe-littafi: gola ya durƙusa, ya baje ƙafafu ya toshe ƙasan raga. Ya ɗauki Kofin Stanley sau 4, kuma yau kusan kowane gola haka yake tsaro. Martin Brodeur na New Jersey ya ci wasa 691, ba wanda ya kai shi. Ya iya sarrafa faifan da sanda har a 2005 hukumar NHL ta taƙaita inda gola zai taɓa shi a bayan raga.

Mu kam Dominik Hašek muka sa gaba. Ba shi da wani tsari: ya kwanta, ya yi birgima, ya yar da sanda, ya tare da kai ko da bayansa. Ƙungiyarsa ta Buffalo ba ta da taurari sosai, duk da haka an zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a 1997 da 1998, kuma a Nagano ya hana Kanada ci a bugun raba gardama, Jamhuriyar Cek ta tafi da zinariya.