Turai da Amurka: Guntun Gatari ko "Sari Ka Ba Ni"?

A ranar 28 ga Fabrairun 2025, Shugaba Donald Trump da mataimakinsa JD Vance suka yi wa shugaban Yukiren, Volodymyr Zelensky, tatas a gaban 'yan jarida a fadar White House. Cacar bakin ce aka fi yayatawa, amma abin da ya biyo baya shi ya hana manyan hafsoshin Turai barci. Cikin 'yan kwanaki Amurka ta dakatar da aika wa Yukiren makamai, ta kuma toshe bayanan sirrin da take ba ta, alhali ana tsakiyar yaƙi. Wajen mako guda kawai aka yi kafin a dawo da su. To amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Daga Warso har Balin, tambaya ɗaya aka riƙa yi: idan mu ne fa?

Wanda bai san kan zancen ba zai ɗauka Turai ba ta da sojoji ne. Tana da su, masu yawa kuwa. Abin da ya yi mata ƙaranci shi ne kayan da ke sa soja ya gani, ya ji, ya kuma isa inda za shi: taurarin ɗan'adam na leƙen asiri, jiragen da ke shayar da jiragen yaƙi mai a sararin sama, manyan jiragen dakon kaya, da makaman kakkaɓo makamai masu linzami. A yaƙin Libiya na 2011, Faransa da Birtaniya ne a gaba, amma ba a je ko'ina ba bama-baman wasu ƙasashen Turai suka fara ƙarewa, kuma Amurka ce ta ɗauki mafi yawan aikin shayar da jirage mai. Ko da Faransa ta shiga Mali a 2013, jiragen Amurka ne suka taya ta kwasar sojoji da kaya. Tun kafa muƙamin a zamanin Janar Eisenhower kuwa, babban kwamandan rundunar NATO a Turai bai taɓa zama wani ba sai Ba'amurke.

Cibiyar SIPRI ta Suwidin ta ƙiyasta cewa kashi 64 cikin ɗari na makaman da ƙasashen NATO na Turai suka shigo da su tsakanin 2020 da 2024 daga Amurka suka fito. Jirgin F-35 ya isa misali. Ana ta raɗe-raɗin wai akwai wani maɓalli a Washington da za a latsa jirgin ya ƙi tashi. Kamfanin da ke ƙera shi ya musanta. A ganina ma ba a buƙatar maɓallin. Jirgi ne da ke rayuwa da manhajar kwamfuta da ake sabuntawa a kai a kai, da kayan gyara da ke bin hanyar da Amurka ke iko da ita. A tsayar da waɗannan, sannu a hankali jirgin zai koma kayan ado. Turkiyya ta ɗanɗana: a 2019 aka cire ta daga shirin saboda ta sayi makamin S-400 na Rasha, duk da kuɗin da ta zuba.

Wannan muhawara ta girmi Trump nesa ba kusa ba. A 1956, lokacin da Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar kan mashigin Suez, Amurka ta matse Birtaniya ta fannin kuɗi har suka janye a kunyace. Mari ɗaya suka sha, amma karatun da kowacce ta ɗauka daban. Birtaniya ta ƙudura ba za ta sake nisa da Amurka ba. Har yau makamai masu linzami na Trident, masu ɗaukar nukiliya, da ke cikin jiragenta na ƙarƙashin teku daga rumbun Amurka da ke jihar Jojiya ake ɗauko su. Faransa kuwa ta ce ba za ta sake ba wani amanar wuyanta ba. Ta gwada bam ɗinta na nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a 1960 (gwaje-gwajen da suka sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a 1961), sannan a 1966 Janar de Gaulle ya zare ƙasarsa daga rundunar haɗin gwiwa ta NATO, hedikwatar ƙungiyar ta tattara ta koma Beljiyam. Shekara da shekaru ana yi wa Faransawa kallon masu girman kai. Sai ga shi a 2025 Friedrich Merz, wanda ya yi rayuwarsa yana kare ƙawance da Amurka, yana cewa a daren da ya ci zaɓen Jamus babban burinsa shi ne Turai ta tsaya da ƙafarta.

A yi wa Amurka adalci, ƙorafinta yana da tushe. Tun 2014 ƙawayenta suka yi alkawarin kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara kan tsaro, da yawansu suka yi ta jan ƙafa. Sai dai su ma suna da abin faɗa. Sau ɗaya tak aka taɓa aiki da sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, mai cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka, kuma don Amurka aka yi, bayan harin 11 ga Satumban 2001. Denmark ta rasa sojoji sama da 40 a Afganistan, sai ga shi a 2025 Trump ya yi ta zawarcin tsibirinta na Greenland ko tana so ko ba ta so.

Kuɗi dai sun fara fitowa. Jamus ta gyara kundin tsarin mulkinta a Maris ɗin 2025 don ta iya cin bashi saboda tsaro. Tarayyar Turai ta ware rancen yuro biliyan 150 na sayen makamai. A taron Hague na watan Yuni, ƙasashen NATO suka ɗaga alkawarin zuwa kashi 5 cikin ɗari nan da 2035. Amma kuɗi ba sa sayen lokaci. Masana'antar makamai ba rumfar kasuwa ba ce da za a kafa da safe a fara ciniki da hantsi. Ga kuma son kai: kowace ƙasa tana so a ƙera tankar a garinta, har shirin sabon jirgin yaƙi na Faransa da Jamus da Sifaniya ya yi ta cijewa saboda rigimar kamfanonin Dassault da Airbus kan wanda zai ja ragama. Shi ya sa Poland, wadda ke jin numfashin Rasha a ƙeyarta, ba ta jira kowa ba: ta sayi tankoki daga Koriya ta Kudu, ta ƙara da na Amurka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma tarkon gudun gara a faɗa gidan zago. Kafin 2022, kusan kashi 40 cikin ɗari na iskar gas da Tarayyar Turai ke shigowa da ita daga Rasha take. Da aka yanke wannan igiya, Amurka ce ta zama babbar mai kawo mata gas ta jiragen ruwa. Mu ma a nan mun san wannan hanya. Najeriya ta sha takaici a 2014 da Amurka ta hana Isra'ila sayar mata da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra ana cikin yaƙi da Boko Haram. Nijar ta sallami sojojin Amurka daga Agadas a 2024, ta kuma karɓi masu horarwa daga Rasha. Sauya ubangida ba shi ne 'yanci ba, ko da ya zo da tafi da guɗa.

Ni dai ban ga hikimar Turai ta yi wa Amurka saki uku ba. Ba ta da halin hakan a yanzu, laimar nukiliya kaɗai ta isa hujja. Abin da ya wajaba shi ne ta zauna ta lissafa abubuwan da wani zai iya kashe mata daga nesa, ta mallaki nata ko da bai kai na aron kyau ba. Guntun gatarinka ya fi "sari ka ba ni". Turai ta taɓa yin haka: taurarin Galileo, kishiyar GPS, sun sha suka da jinkiri kafin su fara aiki a 2016, yau kuwa wayoyin hannu na zamani suna amfani da su ba tare da mai wayar ya sani ba.

Farashin rashin yin hakan ya riga ya bayyana a wani fagen. A watan Yulin 2025 shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, ta bi Trump har filin wasan golf ɗinsa da ke Scotland, ta amince da harajin kashi 15 cikin ɗari kan mafi yawan kayan Turai, da alkawarin sayen makamashin Amurka na dala biliyan 750. Firaministan Faransa na lokacin ya kira abin miƙa wuya. Kwamishinan kasuwanci na Tarayyar kuwa bai ɓoye ba, ya ce ba ciniki kaɗai ke kan teburin ba, har da tsaro da batun Yukiren.