Kalmomin da Masu Shirya Taro Ke Cin Karo da Su a Manhajar Tsara Aiki

Baje kolin duniya na Legas, wanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Legas ke shiryawa duk watan Nuwamba, kwana 10 ake yi ana cin kasuwarsa, amma shirinsa kan ɗauki watanni. Ranar buɗe irin wannan taro ba ta ɗaguwa, don haka idan rumfuna ba su kammala ba, ɗan kasuwar da ya biya kuɗin fili shi ke asarar ranakun ciniki. Domin kauce wa haka ne masu shirya taruka ke amfani da manhajojin tsara aiki, irin su Microsoft Project, wadda ta fara fitowa a 1984, da Trello, wadda ta fito a 2011, da Asana. Kusan dukkansu harshe ɗaya suke yi.

Kalma ta farko ita ce "aiki", wato abu guda da ke da ranar farawa, da wa'adi, da mai alhaki. "Kafa rumfuna" aiki ne, amma "a kula da baƙi" bai zama aiki ba sai an rarraba shi zuwa ƙananan ayyuka: kama masauki, hayar motoci, tarbar baƙi a filin jirgi. Ƙa'idar ita ce kowane aiki ya kasance da sunan mutum ɗaya a kansa, domin aikin da aka damƙa wa kwamiti baki ɗaya shi ne wanda kowa ke zaton wani ya yi.

Sai "zango", wato alamar cewa wani babban mataki ya kammala, kamar samun izinin fili ko rufe rajistar masu baje koli. Zango ba ya cin lokaci; ma'auni ne da shugabanni ke dubawa.

Kalmar da ta fi shafar aljihu ita ce "dogaro", wato aikin da ba ya farawa sai wani ya ƙare. A misali, share fili na cin kwana 3, kafa rumfuna kwana 10, jan wutar lantarki kwana 4. Tun da kowanne na jiran na gabansa, jimilla kwana 17 ke nan. Jerin ayyuka mafi tsawo irin wannan shi ake kira "muhimmiyar hanya", kuma jinkirin kwana ɗaya a kanta jinkiri ne ga taron gaba ɗaya. Buga katunan shiga kuwa, idan kwana 5 zai ci kuma ba ya jiran kowa, yana da "rarar lokaci" ta kwana 12. A kan muhimmiyar hanya ya kamata a kashe kuɗin ƙarin ma'aikata, ba inda ake da rara ba. Kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka ne suka ƙirƙiro wannan lissafi wajen 1957.

Manhajojin kan nuna ayyukan ta fuska biyu. Jadawalin Gantt, mai ɗauke da sunan injiniyan Amurka Henry Gantt, yana zana kowane aiki a matsayin sanda a kan kalanda, tsawonta gwargwadon kwanakinsa. Allon Kanban kuwa, wanda ya samo asali daga masana'antar Toyota ta Japan, yana raba ayyuka gida uku: wanda ba a fara ba, wanda ake kai, da wanda aka gama. Na farko ya fi dacewa da shirin watanni, na biyu da hada-hadar makon ƙarshe.

Sai dai manhaja abin da aka gaya mata kawai ta sani. Idan kafinta ya makara kwana 2 kuma ba a shigar ba, jadawalin zai ci gaba da nuna komai lafiya har ranar buɗewa. Saboda haka wajibi ne kowane mai alhaki ya sabunta matsayin aikinsa kullum kafin a tashi.